Tsoffin Zuwa da Sababbin Zuwa a Ikilisiyoyin Tambuwal da Kebbe

A daren Kirsimeti na 2025 Amurka ta kai hari ta sama a Jihar Sakkwato. Gwamnatin tarayya ta ce da saninta aka yi, kuma maɓoyar 'yan ta'adda aka auna a dazukan Tangaza, can arewacin jihar. Sai dai ɓaraguzan makami sun faɗo a gonakin Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, mutanen garin suka kwana a firgice, ko da yake Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Jaridu sun yi ta maganar harin har sun gaji. Abin da ba a rubuta ba shi ne yadda labarin ya shiga ikilisiyoyinmu na wannan yanki, gama ba da kunne ɗaya muka ji shi ba.

Dattawan da suka shekara talatin ko arba'in a nan, abin da ya fara zo musu a rai shi ne kasuwar gobe. Shugaban Amurka ya rataya harin a kan kisan Kirista, su kuwa sun san da safe za su buɗe shago kusa da na Alhaji, matansu za su ɗebi ruwa a famfo ɗaya da maƙwabta. Suka ce wa 'ya'yansu kowa ya kama bakinsa, ya ajiye waya. Waɗansu daga cikin waɗanda suka zo kwanan nan kuwa, musamman waɗanda 'yan bindiga suka tayar daga ƙauyukansu da samarin da aiki ya kawo, sun ji kamar yau ne wani ya saurari kukansu, har suka rubuta haka a Facebook da WhatsApp. Tsoffin zuwa suka ce, "Za ku ja mana abin da ba za ku tsaya ku ɗauka ba." Sababbin zuwa suka ce, "Tsoro ya riga ya zama muku jiki." Ranar Lahadi dukansu suka zauna a benci ɗaya.

In aka duba da kyau, kowa yana magana ne daga shekarar da ya sauka a garin nan da kuma abin da ya kawo shi. Wannan tsaga ta girmi maganar Jabo. Tana nan a kan harshen sujada, da zaɓen dattawa, da inda za a kashe kuɗin baiko. Domin mu gane ta, bari mu ari madubi daga waɗansu mutane da suke nesa da mu amma suna da hannu a tarihin bishara a ƙasarmu, wato 'yan Holan da suka yi ƙaura zuwa Amurka da Kanada. Sun fi kowa ajiye takarda. Littattafan majalisun dattawansu da wasiƙun da suka aika gida suna nan, saboda haka ana iya bin sawun kowane ayari, a ga abin da ya zo da shi, da abin da ya tarar, da abin da aka yi faɗa a kai.

Ayari bayan ayari

Ayari na fari ya sauka a tsibirin Manhattan a shekarun 1620, suka kira garin Sabon Amsterdam, suka kafa ikilisiya a 1628. Ingila ta ƙwace garin a 1664 ta sa masa suna New York, amma sai da aka yi shekara 100 cur ana wa'azi da harshen Holan kafin a kira fasto na fari mai wa'azi da Turanci a 1764, shi ma da rigima. Martin Van Buren, wanda ya hau kujerar shugaban Amurka a 1837, da harshen Holan ya tashi a gidansu. Jikokin baƙi sun zama masu gari ke nan. A 1867 ikilisiyarsu ta cire kalmar da take nuna Holan daga sunanta.

Ayari na biyu talakawa ne, manoma da masu aikin hannu, waɗanda suka ɓalle daga ikilisiyar gwamnati tun daga 1834 a bayan fastoci irin su Hendrik de Cock, domin suna ganin ta saki koyarwar kakanni. Gwamnati ta ci su tara, ta ɗaure waɗansu, ta zuba musu sojoji a gidaje su ciyar. Sai cutar dankali ta 1845 ta ƙara musu yunwa a kan tsanani. A 1847 Fasto Albertus van Raalte ya kai jama'arsa cikin dajin Mishigan, suka sare itatuwa suka kafa gari suka kira shi Holland. A shekarar nan kuma Fasto Hendrik Scholte ya kai wajen mutum 800 jihar Ayowa suka kafa Pella. Tsoffin zuwa na New York sun karɓe su hannu biyu, sun taimaka musu da kuɗi da masauki, har a 1850 jama'ar Van Raalte suka shiga ikilisiyarsu. Bayan shekara bakwai, a 1857, ikilisiyoyi huɗu suka fita, Van Raalte da mafi yawan jama'a suka tsaya. Ƙarar masu fita ita ce, tsoffin zuwa suna raira waƙoƙin da mutane suka tsara a maimakon Zabura kaɗai, sun yi sakaci da koyar da katekisim, suna barin kowa ya zo Jibin Ubangiji, suna kuma ƙyale membobinsu su shiga ƙungiyar asiri ta Firimesin. Daga waɗannan huɗu ne Christian Reformed Church ta fito, wadda CRCN ta Takum take ɗauke da sunanta har yau.

A lura, 'yan'uwa, jini ɗaya ne, shaidar bangaskiya ɗaya suke karantawa. Shekara 200 na zama a baƙuwar ƙasa su ne suka shiga tsakaninsu.

Ayari na uku ya fara zuwa daga shekarun 1880, da yawansu almajiran Abraham Kuyper ne, fasto kuma ɗan jarida, wanda ya kafa jami'a a Amsterdam a 1880, daga baya ya zama firayim minista daga 1901 zuwa 1905. Sun zo da koyarwar cewa bangaskiya ba ta ƙare a majami'a da ɗakin addu'a, dole ta shiga makaranta da siyasa da ƙungiyar ma'aikata. 'Ya'yan ayari na biyu, waɗanda iyayensu suka gudu daga duniya zuwa daji, suka ga wannan yana warin son duniya. Su da aka sani da tsauri a 1857, yanzu su ne ake ce wa masu barci.

Maganar harshe kuwa yaƙi ne ya hanzarta ta. A 1918, lokacin yaƙin duniya na fari, gwamnan Ayowa ya hana amfani da baƙon harshe a bainar jama'a, har a wurin sujada. Maƙwabta ba sa bambanta ɗan Holan da Bajamushe, aka ƙone makarantar Kirista ta 'yan Holan a ƙauyen Peoria na jihar. Kafin yaƙi na biyu Turanci ya cinye yawancin wa'azinsu. A 1934 ikilisiyar nan da ta ɓalle saboda waƙoƙi ta buga littafin sujada na Turanci mai ɗauke da Zabura da waƙoƙi tare. Abin da kaka ya bar 'yan'uwansa a kansa, jika ya rungume shi ba tare da ya san an taɓa faɗa ba.

Ayari na huɗu ya zo bayan 1945. Holan ta fito daga mamayar Jamus a rushe, ƙasar noma ta yi kaɗan, gwamnati da kanta ta riƙa ƙarfafa mutane su fita. Fiye da mutum 100,000 suka nufi Kanada, ƙasar da sojojinta suka taimaka wajen 'yantar da su, waɗansu kuma Ostireliya. Ikilisiyar Amurka ta aika fastoci da wakilai su tarye su, su nema musu aiki a gonaki. Nan ma mamaki ya kama kowa. Tsoffin zuwa sun hana kallon silima da rawa da karta tun 1928, sai ga 'yan'uwa daga gida da taba a baki, suna shan giyarsu ba sa jin sun yi laifi. Sababbin kuma suka ga tsoffin sun zama Amurkawa masu sunan Holan, ba ruwansu da abin da ya wuce ƙofar majami'a. Waɗansu ma sun taho da sabuwar rigimar koyarwa da ta tsaga ikilisiya a gida a 1944, wadda na Amurka ba su san kanta ba, suka kafa ɗarikarsu dabam a Kanada a 1950.

Ɗan Holan da yake sauka a Amurka yau sau da yawa injiniya ne ko malamin jami'a, ya iya Turanci tun daga gida, da wuya kuma ya nemi majami'a, gama fiye da rabin mutanen Holan yanzu sun ce ba su da addini. In ya je garin Holland na Mishigan a watan Mayu ya ga bikin furannin da ake yi tun 1929, ana rawa da takalman katako, sai ya rasa abin cewa, domin wannan Holan ɗin ko kakarsa ba ta same ta ba. Kowane ayari ya ɗauko gida yadda ya bar shi ranar tashi, ya ajiye shi a akwati, yana auna na bayansa da shi. Gidan kuwa bai tsaya ya jira kowa ba.

Akwai 'yar wannan tarihi ɗaya da kabarinta yake a Vom. An haifi Johanna Veenstra a 1894 a Paterson, jihar New Jersey, a gidan 'yan Holan. Da Turanci ta yi makarantar koyon aikin bishara a New York. Ikilisiyarta ba ta shirya aika kowa Afirka ba a lokacin, sai ta bi mishan na SUM ta iso Nijeriya a 1920, ta zauna a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a 1933. Sai a 1940 ikilisiyar ta karɓi aikin Lupwe a hannunta. Tsarar da dattawa suke kuka a kanta cewa ta yar da harshen gida, ita ce ta fitar da bangaskiyar daga unguwar 'yan Holan ta kai ta bakin Binuwai. Harry Boer, shugaba na fari na kwalejin tauhidi ta TCNN da ke Bukuru, inda fastocinmu da yawa suka yi karatu, shi ma daga cikin jama'ar nan ya fito.

Namu ayarin

Kiristan da ke tsohon lardin Sakkwato, in aka cire ƙalilan, baƙi ne ko 'ya'yan baƙi. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi, saboda haka waɗanda suka fara taruwa don sujada akawuna ne da 'yan kasuwa daga kudu, waɗanda suka biyo aikin gwamnati da jirgin ƙasa. Jirgin ya kai Kaura Namoda a 1929, bai taɓa isowa Sakkwato ba. A shekarun 1930 aka ba mishan na SIM kula da masu cutar kuturta a Amanawa. A ƙasar Zuru kuwa mishan na UMS ya zauna tun shekarun 1920, daga can ne sojoji da 'yan sanda da malamai da ma'aikatan asibiti masu yawa suka fito suka bazu a arewa. Tashin hankalin 1966 ya kwashe Ibo, suka fara dawowa bayan 1970. A 1973 aka soma bautar ƙasa. A 1976 aka kafa Jihar Sakkwato, aka kuma soma ilimin firamare kyauta, wanda ya buƙaci malamai fiye da waɗanda jihar take da su. Tambuwal tana kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, don haka ta sami rabonta na malamai da masu sayar da magani da makanikai da masu kayan gyaran mota. Kebbe tana gefe, masu sujada a can ba su da yawa, galibi waɗanda aiki ya turo ne.

Ranar 27 ga Agusta 1991 ta canja lissafi. Da aka yanke Jihar Kebbi, mutumin Zuru ko Yawuri da ya kwanta yana ɗan jiha a Tambuwal ya wayi gari baƙo, bai kuwa matsa ko taki ɗaya ba. Ma'aikata da yawa suka koma Birnin Kebbi, benci ya yi fili. A 1996 aka sake yanke Zamfara, Gummi da ke maƙwabtaka da Kebbe ta faɗa wata jiha. Waɗanda suka tsaya bayan wannan, suka kuma tsaya a shekarar 2000 da aka faɗaɗa shari'ar Musulunci, su ne dattawanmu na yau. Sun san fadar sarki, sun san mai unguwa da sunan yaransa, sun san wanda ake gani da dare in magana ta taso kafin ta kai safiya. Majami'un da muke sujada a ciki, da haƙuri da gaisuwa da zuwa ta'aziyya aka same su. Wanda ya zo jiya ya ga gini kawai, bai ga sawun da aka yi ba.

'Ya'yansu kuwa 'yan Tambuwal ne in ban da takarda. Ka saurare su a makarantar Lahadi za ka ji "munka tahi" da "mi kaka so", Sakkwatanci tsantsa, ba irin Hausar da iyayensu suka koya a majami'un Zuru ko Kagoro ko Jos ba. Da yawansu suna jin C'lela ko Tyap ko Ibo amma ba sa iya mayarwa. In an kai su gida Kirsimeti, 'yan'uwa suna yi musu ba'a suna kiransu Hausawa. In sun dawo nan suka nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, sai a ce su je ƙaramar hukumar ubansu su karɓo takardar shaidar ɗan asali, garin da ba su taɓa yin wata guda a cikinsa ba. Ƙauyen da baba yake ba su labari, inda kowa yake zuwa addu'ar asuba, ba shi nan kuma. Watakila ma ba kowa a cikinsa.

Wannan ya kawo mu ga ayari na ƙarshe. Tun shekaru da dama 'yan bindiga suke cin ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba da Fakai. An sace ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri a Yunin 2021, an sake sace 'yan mata a makarantar Maga a Nuwamban 2025. Da yawa daga cikin waɗanda aka tayar cikin garin Zuru suke fakewa, amma wanda yake da ɗan'uwa a nan yakan biyo shi. Waɗannan ba su zo da takardar canjin wurin aiki ba. Sun zo da buhu ɗaya da labarin da ba ya barinsu barci. Tare da su akwai 'yan bautar ƙasa masu shekara ɗaya, da jami'an tsaro da ake canjawa, da samari masu sana'ar waya da cire kuɗi. A ɗaya gefen kuma, tun abin da ya faru a Kwalejin Shehu Shagari a Mayun 2022, akwai iyalan da suka mai da 'ya'yansu makaranta a wata jiha, su da kansu ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can.

Madubin 'yan Holan yana da iyaka, kada mu manta. Su sun sauka a ƙasar da yawancin mutanenta Kirista ne, fatarsu ɗaya da masu mulki, suka sayi ƙasa da araha, bayan shekara biyar mutum yana iya zama ɗan ƙasa. Mu 'yan ƙasa ne tun daga haihuwa, amma jikanmu ma baƙo ne a takarda. Su abin da suke tsoro shi ne 'ya'yansu su narke cikin jama'a su ɓace. Mu muna tsoron wannan, muna kuma tsoron kada a wayi gari a ce mu tashi. Ta wannan fuska mun fi kama da maƙwabtanmu Hausawa a zangon Kumasi ko Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe musu tun 1916. Kakannin mutanen wannan yanki sun sha cin rani a can, waɗansu suka zauna, suka haifi 'ya'ya masu jin Tiwi ko Yarbanci fiye da Hausar gida. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, aka kwaso har da waɗanda aka haifa a can. Dattijon da yake zaune a ƙofar masallaci a Dogon Daji yana iya sanin zafin baƙunci fiye da yadda muke zato, wannan kuwa ƙofar hira ce da ba mu cika ƙwanƙwasawa ba.

Duk da haka madubin ya nuna mana abubuwan da za mu yanke shawara a kansu.

Harshe shi ne na fari, namu kuma ya fi nasu wuya domin uku ne. Akwai harshen ƙabila da iyaye suke kuka a kansa, akwai Hausa, akwai Turanci da 'yan bautar ƙasa da matasa suke ja wajensa tare da ganga da jita. Dattawa sukan kawo Nehemiya sura 13, inda aka tarar da yaran da ba su iya harshen Yahuza ba. Amma damuwar Nehemiya ita ce auren da yake jan zuciya ga waɗansu alloli, da yaran da ba za su iya jin Shari'a in ana karantawa ba. Yaronmu da ya rasa C'lela yana jin Littafi Mai Tsarki sarai da Hausa, wadda aka fassara shi cikinta tun 1932. Asarar harshen gida asara ce, iyaye su yi ƙoƙari a gida, amma kada a mai da ita zunubi. A ganinmu babbar sujada a Tambuwal da Kebbe ta tsaya da Hausa, a sa tafinta ko a ba masu Turanci lokacinsu da sassafe. Ikilisiyar da ta koma Turanci gaba ɗaya don ta faranta wa wanda zai tafi a watan goma sha biyu ta rufe ƙofa a fuskar tsohuwar da ta gudo daga Wasagu. Ta kuma rufe ta a fuskar Bahaushe Kirista, wanda ba shi da wani gida da zai koma. Irin waɗannan 'yan'uwa suna nan a arewa, har suna da Tarayyar Masihiyawa. Duk ranar da aka yi sanarwa a majami'a cewa kowace ƙabila ta tsaya bayan sujada, sai a tambayi kai a wane layi shi zai tsaya.

Abin da ya riƙe jikokin 'yan Holan a cikin bangaskiya bayan harshe ya tafi shi ne koyarwa: ajin katekisim kowane mako, makarantun Kirista da iyaye suka gina da guminsu, da makarantar fastoci da suka buɗe a Grand Rapids tun 1876. Wannan ma bai hana su raguwa ba. Daga sama da mutum 300,000 a farkon shekarun 1990 sun sauko zuwa ƙasa da 200,000, bayan rigingimu a kan naɗa mata da maganar aure. Amma yau a cikinsu akwai ikilisiyoyin 'yan Koriya da masu harshen Sifen da na ƙabilar Nabaho, waɗanda ba su taɓa sa takalmin katako ba. Reshen da ya ƙi buɗe ƙofa muna da labarinsa ma. 'Yan Holan da suka sauka a kudancin Afirka a 1652 sun haɗa jini da bangaskiya har ikilisiyarsu ta nemo wa mulkin wariyar launin fata hujja daga Littafi Mai Tsarki, a 1982 taron ikilisiyoyin Reformed na duniya ya kira wannan karkatacciyar koyarwa. Daga ikilisiyar nan ce kuma aka aiko masu bishara ƙasar Tibi a 1911, inda NKST ta fito. Allah yana aiki da karkataccen itace, amma wannan bai ba mu izinin karkacewa ba.

Sai shugabanci. A ikilisiyoyinmu da yawa kujerar dattijo ta zama ladan daɗewa, wani lokaci ma rabon ƙabila. A Ayyukan Manzanni sura 6, da Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci, manzanni ba su tuna musu wanda ya riga zuwa Urushalima ba. An zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa sunayen Helenanci gare su, aka danƙa musu aikin. In matan da suka gudo su ne suka fi bukatar taimako, to, a sa ɗaya daga cikinsu a kwamitin da yake raba hatsin Zumuntar Mata, ta riƙe littafin. Sa'an nan 'ya'yan da aka haifa a nan, waɗanda yanzu sun kai shekara talatin da biyar amma ana kiransu yara, su ne kaɗai suke jin harshen gari da harshen waya gaba ɗaya. Barinsu a ƙungiyar mawaƙa har su yi furfura asara ce.

A kan maganar baki da waya kuwa, muna tare da dattawa fiye da rabi. Wanda zai kwana a gari ya fi wanda zai wuce sanin nauyin kalma, kuma murna a kan makamin da ya faɗo a gonar maƙwabci ba ta dace da mu ba ko da ba wanda zai gani. Mutanen Jabo ba su yi wa kowa kome ba, 'yan bindigar nan kuma Musulmin Kebbe da Gummi da Isa sun sha wuyarsu ƙwarai. Amma dattawa su ma su ji wannan: mutumin da aka kashe masa ɗa ba a ce masa ya yi shiru kawai a juya baya. In ba a ba shi wurin da zai faɗi abin da ya gani ba, a gaban majalisa ko a taron addu'a, aka kuma ɗauki kukansa zuwa ga hukuma ta hanyar da dattawa suka sani, to, Facebook zai zama majalisarsa. Akwai shirun hikima, akwai kuma shirun wanda ya gina gida da shago yana tsoron kada talaka ya ɓata masa zama, mu kanmu mun san bambancin.

Saura maganar da ba a son taɓawa, wato kabari. Yawancin tsoffin zuwa sun gina gida a ƙauyensu, suna aika gudummawa ga majami'ar can, sun kuma bar wasiyya a kai su gida. Kai gawa daga Tambuwal zuwa Zuru ko kudancin Kaduna yau yana cinye abin da iyali suka tara, hanyar ma ba kullum take biyuwa ba, wani ƙauyen kuma ba sauran mai haƙa kabari a cikinsa. 'Yan ayarin Van Raalte sun binne mutane da yawa a dajin Mishigan tun shekararsu ta fari, ba don sun so ba, teku ce ta hana su komawa, daga nan kuwa 'ya'yansu suka san inda gida yake. Ikilisiyoyin da ke Tambuwal da Kebbe, kowace ɗarika da 'yan membobinta kaɗan, ba wadda za ta iya wannan ita kaɗai. Sai an haɗu a ƙarƙashin CAN ta ƙaramar hukuma, a duba ko filin da ake binne namu yana da takarda, in babu a nema ta hannun hakimi da ƙaramar hukuma, a kewaye shi, a rubuta shi da sunan tarayya ba da sunan wani dattijo ba. Dattawan da suka san ƙofar fada su ne za su iya shigar da wannan magana, da yawansu kuwa sun haura shekara sittin da biyar.